Rabin Nisan Maƙwabciya

Ofishinmu na hawa na huɗu, yana kallon tashar jiragen ruwa.
A nan muka yanka Valparaíso gunduwa-gunduwa a kan taswira,
kowace gunduwa muka ɗiga mata ɗigo a cibiya,
muka ce duk mutanen unguwar cikin ɗigon nan suke kwana.
Daga ɗigo zuwa ɗigo, awo ba wuya:
a ja zare, a karanta lamba.

Wahalar tana ga wanda ya fita bai bar gunduwarsa ba,
mai zuwa sayen burodi, mai raka jika makaranta.
Na'ura ta ce daga ɗigo ya tashi, a ɗigo ya sauka,
ashe bai je ko'ina ba.
Sifiri.

Shugabana Olguín ya kurɓi shayin da ya huce,
ya ce, "Ba shi rabin nisan maƙwabciyar unguwa, haka ake yi."
Rabin ya kama mita ɗari uku da goma.
Na rubuta, amma hannuna bai yarda ba.

Ran Talata na ɗau takardun tambaya na hau tudu.

Doña Eduvigis na shanya zanin gado, iskar teku na ƙwace mata.
Na ce, nawa ne nisa daga nan zuwa kantin magani?
Ta ce, "Zuwa ko dawowa?"
Na ce ai duk ɗaya ne.
Ta yi mini kallon wadda ba ta taɓa ɗaukar kaya ba.
"Zuwa, matakala ɗari da sittin da biyu, gwiwa ke biya.
Dawowa hutu uku ne:
ɗaya gindin bangon da aka zana wa kifi,
ɗaya ƙofar Baltasar mai gyaran takalma,
na ukun, duk inda numfashi ya ce tsaya."

Takardata ba ta da gurbin wannan.
Gurbin da ke akwai cewa yake: mita.

Baltasar ya ce da can kasuwa karan sigari ɗaya ce,
tun da likita ya hana shi, bai ƙara sanin nisanta ba.
Maite, 'yar shekara tara, ta ce makaranta kusa take,
ban da ranar da karen shuɗin gida ya kwanta a hanya;
ranar sai ta bi bayan coci,
nisa ya haifi ɗan'uwansa.
Nibaldo mai tallar tukunyar gas bai ce komai ba,
ɗora mini ɗaya ya yi a kafaɗa, ya ƙirga biyar, ya sauke.

Tayar awon da na zo da ita
ta ga matakala ta ƙi.
Ni na goya ta.
Na huta gindin kifin,
na huta ƙofar Baltasar, ya miƙo ruwa bai ɗago kai ba,
na ukun ya riske ni tun ban kai rabin sauran ba,
ina riƙe da ƙarfe mai tsatsa, jirage sun koma ƙwayar shinkafa a ƙasa.
Ƙafa ba mudu ba ce,
amma ta san kima.

Da na haɗa lissafi: mita ɗari uku da arba'in.
Olguín ya yi murmushi. "Kin gani? Talatin kacal muka kuskure."
Gaskiyarsa.
Kuma da wannan gaskiyar za a ce tashar bas ta isa kusa,
tudun ba ya bukatar sabon layi bana.

Da yamma, kowa ya watse,
na koma gurbin Doña Eduvigis na buga: hutu uku.
Na'ura ta yi ja, ta ce lamba kawai take karɓa.
Na goge.
Na sake bugawa.
Ƙaurina na zugi har yanzu, a ƙarƙashin tebur.