Kaurin Farce

Tafkin nan ramin tsakuwa ne a da,
a arewacin Italiya, tsakanin gonakin shinkafa.
Ruwa ya cika shi, sauro ya gaje shi.
Ni ke tuƙa jirgin.
Shekara sha ɗaya ina jan Nives
kan katako ɗaya, ƙafa a gaban ƙafa,
tana zaga ƙwallo shida da aka ɗaure bisa ruwa,
uku dama, uku hagu,
ni kuwa a miƙe, kamar ɗinkin tela.

Ubanta Ermanno, tsohon mai gyaran injin,
ba ya kallon fuskar 'yarsa.
Wutsiyar katakon yake kallo,
inda wata 'yar wuƙa take maƙale a ƙasa,
tsawon tafin hannu, ba kaifi, ba ƙota.
Ita ke cizon ruwa in jiki ya kwanta.
Ba don ita ba, da tuni an sha ruwa.

Biyu gare shi, a naɗe cikin tsohuwar safa.
Tsakaninsu bambancin bai kai kaurin farce ba.

Mai kauri muka fara sawa.
Ta tafi da nauyi, kamar saniya a hanyar gida,
ba rawa, ba gardama, ba zamewa.
Sannu ba ta hana zuwa, in ji mutane,
amma ƙwallo na huɗu bai san wannan magana ba.
Kullum in an gajarta igiya
sai ta iso shi a makare,
na ji kafaɗarta a jikin jirgina
tana roƙon taku ɗaya da ruwa ya hana.

Ran Laraba ya sa siririya.
Kai!
Ta keta bayan jirgi kamar almakashi a yadi,
ta riga ƙwallo zuwa, har ta jira shi.
Na ɗaya, na biyu, feshi ya tashi bango guda,
rana ta leƙo ta cikinsa.
A na uku wuƙar ta lanƙwasa kaɗan,
kaɗan ɗin da ido ba ya gani,
wutsiya ta saki.
Madubina ya nuna mini ƙafafu a sama
da igiya tana tsalle ita kaɗai.

Ta fito tana tari, tana dariya,
ciyawa a gashinta.
"Baba, wannan tana da hauka."
Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza.
Waccan tsoro gare ta, wannan ba ta da kunya."

Daren nan fitilar rumfarsa ba ta mutu ba.
Daga tagata ina jin magagari
yana cin mai kaurin, loma-loma,
ya tsaya, ya auna, ya hura garin ƙarfe,
ya sake.

Da asuba hazo na kwance, ruwa ya yi sanyi,
ruwan sanyi kuwa taurin kai gare shi,
abin da ka auna jiya ba shi ne na yau ba.
Ta zaga huɗu.
Ta zaga biyar, gwiwar hannu na sharar tafki.
Na shida ta taɓa shi da ido kawai
sannan ta nutse a hankali, hannu a sama.

Ermanno bai tafa ba.
Ya lashi bakin fensir,
ya rubuta lamba a littafinsa mai tabon mai,
ya ce mini, "Juya jirgin."