Gardin Daren Laraba

Ƙanena mai shagon taya a bakin tasha
ya ce, Yaya, me ya riƙe ki a can?
Albashi sai wata ya mutu an yi masa bakwai,
ƙafafunki sun kumbura kamar kabewa,
ki zo in buɗe miki kanti.
Na yi dariya na saɓa jakata,
magariba ta yi, gardi nawa ne.

Ga amsarka, Laminu. Na rubuta ta
a bayan takardar awon zafin jiki.

Watan takwas ne. Gulbi ya cika ya batse,
sauro na sarauta daga Mokoyo har Zariya.
Gado ashirin, yara talatin da huɗu,
uwaye a ƙasa bisa zannuwansu.
Ƙarfe ɗaya saura, wuta ta ɗauke.
Sai ga wata daga Jiratawa,
goyonta ya sanƙare, ido ya kafe sama.
Ta kwance shi ta miƙo mini
kamar mai mayar da abin aro.

Na nemi jijiya a hannu, babu.
A ƙafa, babu.
Lokotoro Illa ya aske gefen kan yaron,
ya ce, Barira, gwada nan, hannunki ya fi nawa.
Ka ji? A gaban kowa ya faɗa,
mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a karatun Yamai.
Ya kama fitilar salula da haƙora,
ya tallafe ɗan kan da hannu biyu.
Allura ta shiga.
Jini ya leƙo cikin roba, ɗan ɗigo,
ban taɓa ganin ja mai kyaunsa ba.

Leda guda ta rage a firji, mai sanyi,
don Majo Habsu ta yi sati tana faɗa da ofis
har aka haɗa shi da hasken rana.

Da asuba na kai masa cokali,
ya kauce, ya kama yatsata ya gantsara.
Uwar ta ce, kai, Nafi'u, ba ka da kunya!
sai ta fashe da kuka.
Shatin haƙoran nan huɗu yana nan.
Nawa za ka saye shi?

Kada ka ce kullum haka ne.
Ran Juma'a, gado na shida,
ni na cire robar, ni na ja zane.
Na fita bayan ɗakin awo
na zauna a gindin dogon yaro,
na rantse na gama.
Majo ta zo da shayi, kofi biyu,
ba ta yi mini wa'azi ba.
Da muka shanye ta ce, tafi gida,
ni zan ƙarasa miki.
Shi ya sa na dawo ran Asabar.

Ba kirari muke so a rediyo ba.
Safar hannu ta ishe mu har safe,
ranar hutu ta zama ranar hutu,
in ka yi kure a kira ka gefe,
in ka ce wani abu a taron safe
a ji, ko da kai ne mai shara.

Akwai kuma tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli
a ƙofar babbar kasuwa.
Ban tuna fuskarta ba, ita ta tuna tawa.
In na sayi na dala ashirin
gyararta ta fi sayen yawa.
Na tambaye ta, ta ce jikanyarta
tana aji uku yanzu, bakinta ba ya shiru.

To, ka riƙe kantinka, ɗan'uwa.
In dai taimakon kake so,
tayar baya ta motar ɗaukar marasa lafiya
ta suɗe kamar tafin hannu,
ga hanyar Dakoro da nisa.
Ka aiko yaronka gobe da hantsi.
Ni zan tashi, ruwan gado na tara ya kusa ƙarewa.