Zaren da Ke Hannun Gawa

Daren Laraba in ya yi, allura sai ta huta,
in naɗe rigar da nake wa aska tara,
in ja tabarma gaban akwatin Bawale.
Mu goma sha ɗaya ne a zaure guda a Kwarbai,
har da Gambo kurma da bai taɓa fashi ba.

Mako bakwai muna bin sawu:
wa ya kashe Alhaji Maiwada a bayan gareji?
Sufeto Dikko sai juya makulli a yatsa,
yana duban rufi kamar can amsar ta maƙale,
shayi uku ya sha, tambayar kirki bai yi ba.

Ni tun kashi na uku na yanke hukunci.
Da aka buɗe hannun gawa, ga zare,
tsamiya ce, ba ta kanti ba,
kuma murɗinta daga hagu ya faro.
Bahago ne ya yi aikin wannan riga,
wa ya sa irinta ranar suna? Ƙanin mamacin!
Na miƙe na faɗa, Bawale ya ce in zauna,
wai ni maɗinki ne, ba a ba ni kaki ba.

Sai ga na shida, suka kama Tanimu direba.
Tanimu! Mai 'yar shara ɗaya,
in ya wanke sai ya zauna ta bushe.
Ranar tuwo ya tsaya mini a wuya.
Asabe ta ce, "Malam, ɗan'uwanka ne?"
Na ce, "Ko bare ne, wannan bai yi ba."

Sajan Kyauta kaɗai ke da ido a cikinsu.
Ta tsinci zaren, ta sa a ambulan, ta yi shiru.
Jiya ta hau bene za ta kai magana,
ƙofa ta buɗe, inuwa ta tsaya a bayanta,
hannu ya ɗaga,
sai aka ɗauke wuta.
Bawale ya ja injin sau tara, sai tari yake,
ashe rowa ta sa bai sayi mai ba.

Muka kwasa a guje sai Ƙofar Doka,
ni da rawani a hannu, takalmi wari guda.
Muka tarar sunaye na hawa a akwatin mai shayi.
Wani ya ce an harbe ta, wani ya ce suma ta yi.
Gambo da ya riga mu isa, mai karanta leɓe,
ya ɗaga hannun hagu, ya nuna ni, ya yi dariya.
Daɗin da na ji, ko ranar aurena ban ji ba.

Na dawo zaure ina taku ɗaiɗai,
na laluba inda na ajiye rigar Alhaji Sambo,
aikin wata uku, saura ƙwado da linzami.
Tabarma na nan. Takalmina ɗaya na nan.
Ni da na hango zare a cikin gilashi,
riga sukutum ta fita, ban gan ta ba.

Da safe na je ofishin 'yan sanda.
Kofur na hamma, ya ce, "Wa kake zargi?
Kawo na biro, kawo na takarda."
Na waiga ko zan ga mai kama da Kyauta,
sai ƙuda a kan kanta da agogon da bai motsa ba.

Yanzu mutum goma nake zargi,
duk mun yi sallar asuba a sahu ɗaya.
Laraba mai zuwa a baya zan zauna,
in bar akwati, in karanci ƙeyar kowa.
Haka na ce.
Amma na san kaina, da kiɗan farko ya tashi
ido zai gudu ya koma kan benen nan.
Mai rubuta labarin, ko kai wane ne, ka ji:
riga ta tafi, zan ɗinka wata,
in ka kashe Kyauta kuwa, ban yafe ba.