Hannun Hagu

Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a baranda,
ƙarƙashin kurangar inabin da ta gama zubar da ganye,
na kwantar da rigar fatar rub-da-ciki
kamar majinyacin da ke jiran wuƙar likita.
Lamara ta leƙo ta taga ta ce, "Shalva,
ɗigo ɗaya ya taɓa mini katakon nan,
kai da rigar ku nemi wurin kwana."

Shekara talatin da ɗaya ina jan tasi a Tibilisi,
gwiwar hannun hagu a bakin taga,
rana tana lasarta
daga gadar kogin Kura har filin jirgi.
Ruwan zuma ce ranar da na saye ta.
Yau hannun hagun ya koɗe fes,
kamar burodin da aka zaro daga tanderu bai gasu ba.

Motar, na sayar a watan jiya.
Idanuna sun daina ga-maciji da dare.
Rigar dai na ce ba ta zuwa ko'ina.

Jikata Natia ce ta kawo kwalbar rini,
ta karanta mini rubutun da ya yi ƙanana kamar tururuwa:
da fari a goge tsohon sheƙi da sifirit.
Na goga.
Auduga ta dinga fitowa da abin da ban san na tara ba:
hayaƙin tabar mutanen da na manta fuskarsu,
maiƙon inji, ruwan saman wani Afrilu,
gumin daren da na keta jar fitila uku
da mai naƙuda a kujerar baya.
Warin ya kori kyanwa daga kan rufi.

Muka gwada a cikin lafi, inda ido ba ya kaiwa.
Ya kama.
"A hankali, Kaka, zagaye-zagaye, kar ka tsiyaya."
Ni da na ci abinci da gaggawa tun ina saurayi,
yau yarinya ke koya mini sannu ba ta hana zuwa.
Soso ya bi kafaɗa, ya bi baya,
ya ratsa bakin aljihu, ya kauce wa zif.
Da na zo hannun hagu
sai ya shanye.
Na ƙara, ya shanye.
Ƙishin shekara talatin ba cokali ke kashe shi ba.

Safar hannuna ta huje ban sani ba,
babban yatsa ya rine har ƙarƙashin farce.

Ta kwana rataye a igiyar shanya,
tana juyi a iska kamar mai neman fasinja.
Da gari ya waye, jikinta ya koma ruwan gahawa,
hannun hagu kuwa ya zarce kowa duhu,
baƙi wuluk, sai ka ce aro aka yi daga wata riga.
Maƙwabciya Mzia ta dube ta daga bene,
ta yi dariya har ta dafe ƙirji.
Natia ta ɗauko soso: "Mu ƙara wa sauran, su daidaita."
Na riƙe hannunta.
Wanda ya fi shan rana, a bar shi ya fi shan inuwa.

Na murza mata kakin zuma da tsohuwar safa
har ta yi laushi, ta daina ƙara.
Ɗigo biyu a katako, na ja tukunyar fure na rufe.
Lamara ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ran Litinin na sa ta, na hau bas,
na zauna bayan direba, gefen taga,
gwiwar hannu ta sami wurinta ba tare da ta tambaye ni ba.
Yaron ya makara da birki a gangaren kasuwa.
Ƙafata ta dama ta taka ƙasa da ƙarfi.
Ba wanda ya lura.