Ruwan Hoda

Shekara ashirin da uku ina koyar da kimiyya a Rigasa.
Ɗakin gwajinmu suna ne kawai a jikin ƙofa,
ciki kuwa sai kujeru masu ƙafa uku
da famfon da bai taɓa ɗiga ba.

Sai in ɗauki alli in zana kwalba,
in zana ɗigo yana faɗowa,
in ce, "A nan ne zai juye ya koma ruwan hoda."
Yara sittin da bakwai su rubuta: ruwan hoda.
Farin alli, baƙin allo.
Ni kaina rabona da ganin launin
tun muna kwaleji a Zariya.

Ran wata Laraba Rumasa'u ta zaro wayar yayanta,
gilashin duk ya tsage kamar fadama da rani.
Doka ta ce in ƙwace.
Na miƙa hannu zan ƙwace,
sai ga ɗigon yana sauka, ɗis, ɗis,
ruwan ya yi jim kamar ba zai yarda ba,
sannan ya juye.
Aji ya yi tsit.
Can baya Zubairu ya ce, "Ashe da gaske ne!"
Ashe duk shekarun nan
tatsuniya suka ɗauka nake yi musu.

Yanzu muna da zaure a waya.
Bayan isha'i nake tura darasi da murya,
wani sa'in har kukan jirgin ƙasa ya faɗo ciki.
Uwar Lukman, mai ƙosai a bakin tasha,
tana saurare tana juya mai.
Ta aiko a tambaye ni
me ya sa kanwa ke sa wake ya nuna da wuri.

Amma kada in yi muku ƙarya.
Makon jiya na ba da aikin gida,
mutum goma sha huɗu suka kawo amsa guda,
Turanci sumul kamar an bi shi da dutsen guga,
har kuskuren ma ɗaya ne.
Na ce, "Haliru, me ka rubuta?"
Ya dubi rufi.
Manhaja ce ta yi tunanin,
shi hannu kawai ya ba da aro.

Ga kuma Baraka.
Waya ɗaya ce a gidansu, 'yar ƙarama mai tocila,
tana kwana a aljihun babanta, mai gadi a Kakuri.
In yara na hirar abin da suka kalla
sai ta hau feƙe fensirin da yake a feƙe.

Saboda ita na kwana ina lalube
har data ta kusa ƙarewa,
na tarar da wata malama, ban san garinsu ba,
tana gwaji da abin da ke cikin madafarta.

Da safe na zo da zoɓo a gora,
da ƙullin kanwa, da lemun tsami na naira ɗari.
Baraka ta zuba kanwa, jan ya rine ya yi kore.
Ta dube ni.
Na ce, "Matsa lemun."

Wayoyi biyar suka tashi sama suna ɗauka.
Ita ba ta ko ɗago ba,
tana matsawa, tana ƙirga ɗigon.