Ido Biyu a Kantin Opoku

Wata takwas ina tara sidi
a gwangwanin madara, ƙarƙashin keken ɗinki.
Ran Asabar na fasa, na ƙirga sau uku,
na hau motar Adum, zuciya na tsalle kamar gyaɗa a kasko.

A kantin Opoku, bayan gilashi, su biyu ne zaune.
Ɗaya baƙa, mai kafaɗa, mai dogon hanci,
maɓallai a jikinta kamar ƙurajen zafi.
Ɗayar 'yar ficiciya, iyakarta sabulun wanka.

Ya ɗora mini babbar a tafin hannu,
nauyinta ɗan dutsen niƙa.
Ya ce, da Hausarsa ta kasuwa,
"Wannan akwai madubi ciki. Ka cire ido, ka sa wani.
Mutum ya fito sarai, bayansa ya narke kamar man shanu."
Na ce, ƙaramar fa?
Ya taɓe baki: "Danna kawai. Ita ke yi maka tunani."

Mutawakilu, mai hoton biki a Asawase,
ya riga ya cika mini kunne:
"Kada ka kwaso abin wasan yara.
Da babbar ake cin abinci."
To amma kuɗina a wuyanta ya tsaya, bai kai ka ba,
ga kuɗin jaka, ga na ido na biyu.

Opoku ya ce in bar katin shaidata, in ɗauke ta haya, kwana biyu.

Na shiga Aboabo da ita rataye a wuya.
Wayyo ni.
Yara suka biyo ni: "Ɗan jarida! Ɗan jarida!"
Mai yankan farce ya miƙe yana gyara hula.
Kakata Lantana, wadda don ita nake wannan wahala,
shekara arba'in tana sayar da wake da shinkafa a bakin kwalbati,
tana hango ni ta ajiye ludayi,
ta shige ɗaki ta canjo zane,
ta fito ta ƙame, baki a ɗinke kada giɓi ya leƙo.

Ina murɗa wannan, ina murɗa wancan,
lambobi na yi mini yawo a ido,
Baba Tanimu ya kece da wata dariya
rabona da jin irinta tun matarsa na da rai.
Kafin in gano hasken da ya dace, ta ƙare.
Hoto sittin da ɗaya na kwaso:
wasu duhu, wasu fari fat,
saura mutanen unguwarmu ne a sandare kamar na fasfo.

Litinin na mayar, wuyana na ciwo.
Na ce a ba ni ƙaramar.
Ta hannu ce, da ɗan ƙarzo a gefe,
ya rage mini sidi hamsin, ya haɗa da igiyar hannu.

Yanzu aljihu ɗaya suke kwana da alli da igiyar awo.

Jiya da sassafe Lantana ta buɗe tukunya,
tururi ya tashi, karan dafi ya rina shinkafa jawur,
tana faɗa da wata a kan ƙwai ɗaya,
hannu a sama, giɓi a waje.
Na danna. Ba ta ji ba.

Bayan bai narke ba.
Ga kwalbati, ga akuyar maƙwabta, ga wayar wuta ta ratsa sama.
Mutawakilu ya duba, ya ce hoton da tsaki-tsaki,
in dare ya yi kuma abar makauniya ce.
Gaskiyarsa.
Ya dai daɗe bai miƙo mini ba.

In na bi ta Adum sayen zare
nakan tsaya jikin gilashin.
Baƙar tana nan, hancinta na kallon titi.
Opoku ya ɗago kai: "Tela, yaushe?"
In ce masa, sai na iya gani tukuna.

Na sayi wata madarar.
Ina jira ta ƙare, in wanke gwangwanin.