Ajin Ƙarfe Takwas a Afaka

Sun shigo da raɓar fili a takalma,
tun asuba ake juya su kamar waina a tanda.
Ga su gabana, kai a aske,
wuya a miƙe, ido ya yi nauyi.

Ni alli ne makamina.
Na zana tudu da kwari a allo,
na ce, "Inda layuka suka matsu,
hawa ne a tsaye, ba a cin sa da gudu."

Zailani na layin baya
ya ƙware a barcin zaune,
biro na tafiya shi kaɗai
har ya sauka daga takarda.
Na kira sunansa, ya zabura ya ƙame,
ya sara wa taswirar Kogin Kaduna.
Aji ya haɗiye dariya, ni ma haka.

Na ce, "Zauna, ɗana.
Wata rana mutum talatin za su bi sawunka cikin dare,
kowanne da uwar da ke sauraren sallamarsa.
Ba ruwansu da makin da na ba ka.
Za su ce, Yallaɓai, ina mashigi?
Kuskuren da na zagaye da jan biro yau,
can ba tawada ce ke zagaye shi ba."

Bai tanka ba. Ya murje ido.

Da yamma, ina jiran motar Mando,
na zaro takardarsa daga jaka.
Ya sake lissafin sau uku a gefe,
na ukun ya fita daidai.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"Malama, ina ji. Idon ne kawai."